Zuciyar ta dawo, sai kuma me? Zare kan gwajin da ya kamata a riƙa yi wa ƙananan likitoci

1/ Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda muke yaye likitoci. Zaren zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri da ni. In kana da ɗan'uwan da wata rana zai iya kwana a asibiti, to maganar ta shafe ka.

2/ Ina shekarar sanin makamar aiki, watanni kaɗan da fita makaranta, aka bar ni aikin dare a ɗakin maza. Wajen ƙarfe biyu wata nas ta ƙwala mini kira: "Likita, gado na shida!" Dattijo ne, zai yi sittin da wani abu. Ba numfashi, na taɓa wuya ba bugu.

3/ Muka hau danna ƙirji, ni da ita muna karɓa-karɓa, aka yi allurar adirenalin. Can bayan kamar minti goma na sake ɗora yatsa a wuyansa, na ji bugu. Wallahi har yau ina tuna sanyin da na ji a raina. Na fita na ce wa ɗansa, "Alhamdulillahi, Baba ya dawo."

4/ Na koma na tsaya a kansa, kaina wayam. Abin da na haddace ya ƙare ne daidai inda zuciya ta dawo. Ban ɗauki hoton bugun zuciya ba, ban auna sukari ba. BP ɗinsa yana ta sauka, ni kuma ina cewa zai hau da kansa. Kafin kiran asalatu zuciyar ta sake tsayawa, ba ta dawo ba.

5/ Ban ce da na yi komai daidai zai rayu ba. Rai na Allah ne, ciwonsa kuma mai tsanani ne. Abin da na sani, a daren nan ban ba shi abin da ilimi ya tanada ba. Kuma na ci jarrabawar fita da maki mai kyau. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya ga abin da zan yi in abu ya rikice.

6/ Ra'ayina kai tsaye: kada a ƙara barin ƙaramin likita da ɗaki shi kaɗai da dare sai an gwada shi a kan mutum-mutumi, a atisaye mai kama da gaske. Gwajin kuma ya wuce danna ƙirji, ya haɗa da awar farko bayan zuciya ta dawo. Wanda bai ci ba ya maimaita har ya ci.

7/ Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Tsayawar zuciya daban, toshewar jijiyar zuciya daban, ko da yake toshewar na iya jawo tsayawar. In zuciya ta tsaya, jini ya daina zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa.

8/ Abin da ake kira CPR lissafi ne tsaf. Danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Danna 30, hura iska 2. Duk minti 2 a duba yanayin bugun, a canza mai dannawa. Adirenalin miligiram 1 duk minti 3 zuwa 5. In irin bugun da lantarki ke gyarawa ne, a ba shi shokin nan take.

9/ Duk ɗalibin aji shida zai karanto maka wannan kamar karatun allo. Amma ba shi ƙirji ka riƙe agogo. Za ka ga dannawar ba ta kai zurfi, yana ɗaga hannu ya tsaya tunani, kafin minti biyu ya gaji bai ma sani ba. Ni ma haka nake, kai ma haka kake in ba a horar da kai ba.

10/ A 1990 wani masanin koyar da likitanci a Amurka, George Miller, ya zana matakai huɗu na ƙwarewa: ya sani, ya san yadda ake yi, ya nuna an gani, yana yi a bakin aiki. Jarrabawar takarda a mataki na biyu take tsayawa. Majinyaci kuwa na huɗu yake buƙata.

11/ Wani zai ce ai muna da OSCE. Haka ne. Ronald Harden ya fito da ita a Dandi ta ƙasar Sikotlan a 1975, kuma ta gyara abubuwa da yawa. Sai dai tasha ce ta 'yan mintuna, kai kaɗai, majinyacin ba ya rikicewa a hannunka. Tsayawar zuciya aikin mutum huɗu ko biyar ne cikin hayaniya.

12/ Masoya ƙwallo, kun tuna Fabrice Muamba? Maris ɗin 2012, wasan Bolton da Tottenham, ya yanke jiki ya faɗi. Minti 78 zuciyarsa ba ta aiki da kanta. Mun ga abin da aka yi a fili ta talabijin. Kusan wata guda da ya yi a asibitin zuciya a Landan, wannan ba mu gani ba.

13/ Wannan ɓangaren da ba a gani shi nake so a riƙa gwada mu a kai. Zuciyar da ta dawo a galabaice take, tana iya sake tsayawa kowane lokaci. Ƙwaƙwalwa ta sha yunwar iska. Abin da ya tsayar da zuciyar tun farko kuma yana nan bai tafi ba. Yawancin waɗanda aka farfaɗo da su a wannan matakin ake rasa su.

14/ To me ake so likita ya yi? Na farko iska. Ana so awon oksijin a jini ya tsaya tsakanin 94 da 98. Ƙarancinsa illa ne, yawansa ma illa ne. Da zarar an samu awo mai kyau sai a daidaita, ba a buɗe silinda har ƙarshe a tafi a bar shi.

15/ Sai jakar nan da ake matsawa ana hura wa majinyaci numfashi. Hannun da ya firgita sauri yake yi. In ka yi ta matsawa ba ƙaƙƙautawa, iskar da jiki ke fitarwa ta ragu fiye da kima, jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke, jini ya ragu a inda ake nemansa. Ana farawa ne da kamar numfashi 10 a minti.

16/ Na biyu BP. Matsakaicinsa kada ya yi ƙasa da 65. In yana sauka a sa ruwa, in ruwa bai riƙe ba a haɗa dirip ɗin noradirenalin ko adirenalin. A nan na faɗi a daren gado na shida. Na ga lambar da idona, ban san cewa umarni take ba ni ba.

17/ Na uku, me ya tsayar da ita? A ɗauki ECG mai layi 12 da wuri, domin in jijiyar zuciya ce ta toshe akwai agogon da ya fara gudu. A duba zubar jini, gishirin fotasiyam musamman ga mai ciwon ƙoda, gudan jini a huhu, iskar da ta taru ta danne huhu, ruwan da ya kewaye zuciya, guba. A auna sukari.

18/ Na huɗu zafin jiki, kuma nan akwai darasi. A 2002 bincike biyu suka nuna sanyaya jiki zuwa digiri 32 zuwa 34 yana kare ƙwaƙwalwa. A 2013 babban binciken TTM ya gwada 33 da 36, ba bambanci. A 2021 TTM2 ya gwada sanyayawa da hana zazzaɓi kawai, nan ma ba bambanci.

19/ Shi ya sa a 2022 abin da aka fi jaddadawa shi ne kada a bar wanda bai farka ba ya yi zazzaɓi: kada ya haura 37.7, har tsawon awa 72. Kun ga kenan wanda ya yi karatu a 2005 da wanda ya yi a 2022 ba abu ɗaya aka koya musu ba. Mu manya ma muna buƙatar a sake gwada mu.

20/ Na biyar jijjiga. Ba kullum take zuwa irin ta farfaɗiya da kowa zai gani ba. Wani lokacin fatar ido ce kawai ke motsi, ko gefen baki. Wanda ba a taɓa nuna masa ba zai wuce ta. Na shida kuma magana da iyali, wanda shi ma aiki ne da ake koya.

21/ Ƙa'ida ita ce ba a yanke hukunci kan makomar ƙwaƙwalwar wanda bai farka ba sai bayan aƙalla awa 72, kuma ba da alama ɗaya ba. Don haka "ya dawo" kuskure ne, "ba zai tashi ba" a daren farko ma kuskure ne. Ni na faɗi na farko, kuma ni na koma na fuskanci yaron nan da asuba.

22/ Yanzu ya atisayen yake? Ɗaki ne da gado, mutum-mutumi a kwance, allo na nuna bugun zuciya da BP. A ce wa likita: "Ga namiji ɗan shekara 58, an samu bugu yanzun nan bayan minti 12 ana CPR. Bismillah." Akwai nas biyu tare da shi. Malami na gefe da takardar maki.

23/ Malamin ne ke juya allon. In likita bai kula da BP ba, ya ci gaba da sauka har zuciyar ta sake tsayawa. In ya nemi ECG a miƙa masa takarda ya karanta. Can a ce jiki ya yi zafi. Can wani ya shigo a matsayin ɗan majinyaci yana tambaya. Minti 15 zuwa 20 an gama.

24/ Makin ba na "ya burge ni" ba ne. Jerin ayyuka ne da aka rubuta tun kafin a fara: ya yi ko bai yi ba, a minti na nawa. Akwai waɗanda in ka tsallake su ka faɗi ko da ka yi sauran. Sannan a zauna a kalli bidiyon, a tambaye shi me yake tunani a lokacin. A wannan zaman ake koyon.

25/ Abin ba sabo ba ne fa. A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a Nowe, Asmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne don koyar da hura numfashi. A shekarar ne kuma masu bincike a Johns Hopkins suka wallafa aikinsu kan danna ƙirji. Tare suka taso, CPR da 'yar tsanar koyonta.

26/ Daga baya David Gaba, likitan sa barci a Stanford, ya aro tsarin matuƙa jirgin sama ya kawo ɗakin tiyata. Matuƙi komai daɗewarsa sai ya koma na'urar kwaikwayo lokaci-lokaci an kashe masa inji an ga me zai yi. A kwalejin jiragen sama ta Zariya ma da irin waɗannan na'urori ake horarwa.

27/ Ba wanda zai yarda ya hau jirgin da matuƙinsa ya ci jarrabawar rubutu kaɗai. Amma mun yarda mu kwantar da iyayenmu a hannun wanda karon farko da zai ja ragamar ceton rai, a kan mutum na gaske zai yi. Ba laifin yaron ba ne. Mu da muka yaye shi a haka za a tambaya.

28/ Yana aiki kuwa? A jami'ar Northwestern da ke Shikago, Diane Wayne da abokan aikinta sun bibiyi takardun ainihin majinyatan da zuciyarsu ta tsaya. Likitocin da aka horar da mutum-mutumi sun bi ƙa'ida da kashi 68 cikin ɗari, waɗanda ba a horar ba kashi 44. An wallafa a 2008.

29/ Lura da lambar nan da kyau: 68 ce, ba 100 ba. Atisaye ba laya ba ne. Kuma hujjar cewa yana gyara hannu da bin ƙa'ida ta fi ƙarfi a kan hujjar cewa yana ƙara yawan masu fita asibiti da rai. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na yi talla.

30/ Na san abin da za a ce a ƙasan zaren nan, bari in riga ku. "Likita, ina kuɗin?" Gaskiya ne mutum-mutumin da ke numfashi yana ƙifta ido dubban daloli ne masu yawa. Amma gwajin da na kwatanta rabin gangar jiki na roba, jakar numfashi, da waya ko kwamfuta mai nuna lambobi sun isa.

31/ Ga misali daga Afirka. Shirin Helping Babies Breathe yana koyar da ungozoma farfaɗo da jariri da wata 'yar tsana mai arha da ake cika ta da ruwa. A asibitoci takwas na Tanzaniya, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a awa 24 na farko ta ragu da kashi 47. Yawan maimaitawa ne ya yi aikin.

32/ "Roba ba mutum ba ce." Ƙwarai kuwa. Ba ta gumi, fatarta ba ta canza launi, ba wanda ke kuka a bakin ƙofa. Cin gwajin bai tabbatar za ka iya a kan mutum ba. Amma wanda ya manta BP a ɗaki mai fanka da rana tsaka, me kake tsammani daga gare shi ƙarfe biyun dare?

33/ "Ba mu da gado a ɗakin gobe da nisa, ba na'urar numfashi, me amfanin?" Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ban raina ta ba. Amma koma ka duba jerin: daidaita oksijin, rage saurin jaka, sa ruwa, auna sukari, hana zazzaɓi, neman dalili, kiran babba da wuri. Nawa ne a ciki ke buƙatar na'urar miliyoyi?

34/ Sharaɗin dai shi ne a rubuta atisayen daidai da ɗakinmu. Kada a kwafo labarin asibitin Landan a ce yaro ya kira tawagar da ba mu da ita. A sa an ɗauke wuta a minti na biyar. A sa silinda ta ƙare. A gwada ko ya san inda zai tura majinyaci, da abin da zai faɗa a waya kafin motar ta tashi.

35/ Kuma in ana yin atisayen a ainihin ɗakin kwanciya, ba likita kaɗai yake tonawa ba. Ranar da muka fara gwadawa a wani wurin da na yi aiki, batirin na'urar shokin a mace yake. Makullin kabad ɗin magani yana aljihun wanda ya fita. Sifanar buɗe silinda sai da aka nemo ta a wani ɗakin.

36/ Duk wannan a kan roba muka gano, ba wanda ya rasa uba. Cikin sati aka gyara ukun, kuma ba wani kuɗin kirki aka kashe ba. Da takarda muka raba aka cike, kowa zai rubuta cewa kayan aiki suna nan lafiya.

37/ Akwai kuma halinmu na girmama na gaba, wanda abu ne mai kyau amma a nan yana iya kisa. Nas ta ga kuskure ta yi shiru don kada a ce ta raina likita. Ƙaramin likita ya ƙi tashin babba daga barci. A bidiyo za ka ji an ce "a ba da adirenalin" ba a kira sunan kowa ba, kowa ya ɗauka wani ya bayar.

38/ Shi ya sa gwajin dole ya zama na tawaga, nas da likita tare. A ba da maki kan kiran suna, kan maimaita umarni, kan faɗin "an bayar" da ƙarfi. A ba nas maki in ta tsayar da likita. "Ranka ya daɗe, BP ya sauka" magana ce da sai an saba faɗinta kafin ranar buƙata.

39/ "In kwana ya ƙare ba makawa." Na yi imani da haka, kuma shi ke riƙe mu a aikin nan. Amma ba wanda aka nuna wa takardar kwanan majinyaci. Abin da aka ɗora mana shi ne ƙoƙari da iya sani. Ƙaddara tana sanyaya zuciyar iyali, bai kamata ta zama mafakar wanda bai koyi aikinsa ba.

40/ Tsorona ɗaya ne, kuma na san halinmu. Kada abin ya koma dandalin cin mutuncin ɗalibi a gaban 'yan uwansa, ko kwas ɗin kwana biyu da za a biya kuɗi a karɓi satifiket a rataye. In ya zama haka gara ba a fara ba. Yaro zai koyi ɓoye rashin sani, wanda shi ne ainihin cutar.

41/ Mafita: a raba ranar koyo da ranar gwaji. A ranar koyo kuskure ba laifi ba ne, bidiyon kuma ba ya fita ɗakin. A ba kowa jerin makin tun farko, ba sirri. Wanda ya faɗi a ƙara masa horo kyauta ya dawo. A riƙa maimaitawa, domin hannu yana mantuwa cikin 'yan watanni.

42/ Kirana ga hukumar MDCN da kwalejojin horar da ƙwararru: a sa wannan cikin sharuɗɗan kammala shekarar sanin makamar aiki. Shugabannin asibitocin koyarwa kuma ba sai kun jira takarda daga Abuja ba. Ɗaki ɗaya, malamai biyu da aka ware wa lokaci, awa biyu a sati. A fara da masu aikin dare da na imajansi.

43/ Ƙannena ɗalibai da sababbin likitoci, ku nemi a gwada ku. In akwai mutum-mutumi a kulle a sito, ku je ku roƙi makulli. Ku haɗu ku huɗu, ɗaya ya zama mai juya lambobi, ku fara daga "an samu bugu". Kunyar da za ka ji a gaban abokanka ba ta kai rabin wadda na ji a barandar nan ba.

44/ Shekaru sun ja, amma duk atisayen da na shirya, labarin farko dattijo ne ɗan sittin da wani abu wanda BP ɗinsa ke sauka a hankali. Ɗalibaina ba su san dalili ba sai yau. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalinsa haƙuri.

45/ Ma'aikatan lafiya da ke nan, ku faɗa mini gaskiya: kafin aikin darenku na farko, an taɓa gwada ku a kan abin da ke biyo bayan dawowar bugu? Ba sai kun ambaci sunan asibiti ba. Masu gyara kuma ƙofa a buɗe take. Mu kwana lafiya.